Ɗigo Uku a Gefen Tudu

Jiya ina shigowa na ji ɗayanku, ban ga ko wane ne ba, yana gaya wa ɗan'uwansa cewa shi kam ya dace da wurin bautar ƙasa, ofis ne da ake zama ana kallon kwamfuta da sunan neman duniyoyi. Ban ji haushi ba. Direban bas ɗin da ya daɗe yana ɗauko ni daga Kubwa ma, har ya bar tuƙi bai daina tambayata ko yau za a yi ruwa ba. Amma tunda wata mai zuwa zan ajiye aiki, kuma wataƙila ɗayanku ne zai gaji kujerar nan, ku jawo kujeru ku ji.

Mu ba ma ganin duniyar da muke nema. Tauraron da take kewayawa ma sau da yawa ba ma ganinsa. Abin da muke kallo wani tauraro ne daban, can baya da nisa. Idan aka yi dace tauraro na kusa ya gifta ta gabansa, nauyin na kusan yakan lanƙwasa hasken na bayan ya tattaro shi wajenmu, kamar yadda gilashin tabarau ke tattara hasken rana. Sai mu ga na bayan yana ƙara haske sannu a hankali, makonni, ya kai ƙololuwa, ya sauka yadda ya hau. In ka zana hasken nan ɗigo-ɗigo, kowane awo ɗigo ɗaya, tudu ne sumul. To idan tauraron da ya gifta yana da duniya tana kewaya shi, ita ma sai ta lanƙwasa nata ɗan rabon, sai wani ɗan tsini ya fito a jikin tudun. Tudun yakan yi wata guda ko fiye. Tsinin kuwa, in duniyar ƙarama ce, daga hantsi zuwa la'asar ya zo ya wuce. Kuma taurarin nan biyu ba za su sake daidaita haka ba har abada. Abin da ka kama ka kama, abin da ya wuce ka babu mai sake ganinsa.

Aikin farko da aka ba ni a ɗakin nan tantance tsofaffin zane ne. Wanda ya koya mini sana'ar Oga Bulus ne, mutumin Orozo, ɗan manomin doya wanda karatu ya kai shi ƙasar waje ya dawo da digirin dakta. Hausarsa irin ta garin nan ce, ba ruwansa da namiji ko mace. Ya jibge mini zane-zane ɗaruruwa a kwamfuta ya ce, "Ramatu, wasu gaskiya ne, wasu ƙarya ne. Ki raba su." Na yi sati ina rabawa, na kai masa ina jin kaina. Ya duba ya ce rabin duniyoyin da na samo ba duniyoyi ba ne. Wannan tauraro ne mai ɗabi'ar kumbura da sacewa. Wancan siririn gajimare ne ya bi ta gaban madubin hangen taurari. Wancan hasken wata ne ya shiga kyamara.

"Ɗigo ba shaida ba ce," in ji shi. "Kowace ɗigo daga hoto ta fito. Ki buɗe hoton ki gani da idonki."

Sai da na cinye damina guda ina buɗe hotuna kafin ya bar ni na taɓa zane mai rai, wato na tauraron da ke kan hawa a lokacin.

Mu ba mu da madubin hangen taurari, kun dai gani. Wurin da muke kallo, tsakiyar garken taurarin da ranarmu ke ciki, ya fi fitowa sosai a ƙasashen kudu, kuma lokacin fitowarsa shi ne daminarmu, sa'ad da saman Abuja ke rufe ruf. Madubai suna Chile da Afirka ta Kudu da Ostareliya, suna karɓar juna yadda dare ke zagaya duniya. Abin da muke yi gadi ne. Ƙungiyar da ke haɗa madubai ta raba gadin tsakanin ofisoshi, Oga Bulus kuma ya samo mana rabonmu saboda tare ya yi karatu da wasunsu. Namu ya faɗo da rana. Da hantsi mutanen Chile sun gama darensu sun kwanta, sakamakonsu ya iso mana, a Ostareliya kuma duhu yana shiga. Mai gadi shi zai duba taurarin da ke kan tudu, in ya ga wani ya kauce hanya ya yi yekuwa, madubai su bar abin da suke yi su juya kansa.

Kayan aikinmu ke nan a gabanku: kwamfuta biyu, farantin intanet a kan rufi, inbata mai riƙe mana wuta da batiranta a lungun can, janareta a bayan gini, da layukan waya na kamfani daban-daban saboda in wannan ya ɗauke wancan ya riƙe. Kada wanda ya sake ya sa cajin wayarsa a inbatar nan. Na taɓa korar mataimakin darakta a kanta.

Masu madubai su ne abokan cinikinmu, kuma ba su da sauƙi. Daren madubi abu ne da ake layi a kansa, wani ya jira shekara kafin a ba shi 'yan kwanaki. In ka yi yekuwa ka janye shi daga aikinsa, ya zamana gajimare ka gani, zai yi maka uzuri sau ɗaya. Na biyu zai amsa a makare. Na uku ba zai buɗe saƙonka ba. Duk jarin mai gadi shi ne a yarda da shi.

Wannan jarin ne ya kusa ƙare mana bayan shekarar annobar korona. A shekarar kanta an rufe madubai da yawa, mu ma an kulle mu a gida, taurari suka yi ta hawa da sauka babu mai kallo. Da aka buɗe, wani madubi a Chile ya canza kyamara, sabuwar tana da wani lahani a gefe guda da su kansu ba su gano ba sai daga baya. Lahanin yana haifar da tsini mai kyan gani, har a hoto ba ka rabe shi da na gaskiya. A damina ɗaya ofishin nan ya yi yekuwar banza har sau uku. Da aka gano kyamara ce an ba mu haƙuri, amma sunan Abuja ya riga ya ɓaci. Farfesan da ke shugabantar ƙungiyar, wani dattijon Bature mai gajeren zance, ya gaya mana a taron bidiyo cewa akwai ofisoshin da ke son rabonmu, za a duba aikinmu a damina ta gaba a yanke shawara. Daraktanmu na lokacin kuma ya fara turo mutane suna auna ɗakin nan da tef, wai ana neman wurin ajiye fayil. Ana cikin haka Oga Bulus ya yanke jiki ya faɗi a bakin matakala. Ɓarin jikinsa ya shanye, aka mayar da shi gida Orozo. Gadi ya dawo kaina ni kaɗai.

Ranar da nake so ku ji labarinta a tsakiyar daminar da ta biyo baya ce. Na iso a jiƙe, hadari ya haɗu ta gabas tun muna kan titin Kubwa. A makon nan hankalin kowa a ƙungiyar yana kan tauraro guda. Haskensa ya ninka ninkin ba ninki, ana sa ran zai kai ƙololuwa a ranar, kuma irinsa in akwai duniya a wurin da wuya ta ɓuya. Wata ɗaliba mai suna Marta ce ta fara hango shi, a kansa za ta rubuta kundin digirinta. An riga an yi shiri duk madubin da ke da sararin sama ya tsaya a kansa.

Na buɗe sakamakon Chile ina bin sauran taurarin ɗaya bayan ɗaya, don aikin mai gadi ke nan, ya kalli inda ba a kallo. Can ƙasa akwai wani dishi-dishi da ya riga ya wuce ƙololuwarsa yana gangarowa, kowa ya manta da shi. Ɗigo ukun ƙarshe na daren ba su bi gangaren ba. Sun ɗaga sama, kowanne ya ɗara na bayansa. Daga nan gari ya waye a Chile, zanen ya yanke.

Na buɗe hotunan. Babu gajimare, babu wata, tauraron yana tsakiyar hoto nesa da gefen nan mai lahani. Na auna maƙwabtansa, duk suna nan yadda suke. Na sa kwamfuta ta gwada lissafi, ta ba ni amsa biyu: ko wata ƙaramar duniya ce tsininta ya fara, zai kai ƙarshe kafin magaribarmu, ko kuma ba komai ba ne, ɗigo uku ne suka yi tsalle kamar yadda sukan yi.

Na duba yanayin Ostareliya. Madubin gabas gajimare ya rufe shi. Na yamma kaɗai ke da sarari, kuma yana kan tauraron Marta. Afirka ta Kudu ba za ta samu duhu ba sai bayan la'asar ɗinmu. Madubi ɗaya ke nan a duk duniya, taurari biyu.

Na kira Farfesa. Ya saurare ni bai katse ni ba, sannan ya ce, "Ɗigo uku."

"Uku ne, ranka ya daɗe, amma hawa suke yi."

"Bara ma hawa suke yi."

Na ce na duba hotunan, ba gefen kyamara ba ne. Ya ce ko za a raba, hoto ɗaya nan, ɗaya can? Na ce nawa dishi-dishi ne, kowane hoto sai an daɗe ana ɗaukarsa, in aka raba za mu tashi da zane biyu masu ramuka, babu wanda zai amfanu. 

"Doka ta ce mai gadi ke yanke hukunci," in ji shi. "Ba zan hana ki ba. Ba kuma zan tsaya miki ba in ya zama ba komai."

Ina ajiye waya ruwa ya kece. Kun san ruwan garin nan in ya zo da iska. Farantin rufi ya ɗauke, wuta ta bi shi, inbata ta karɓa tana ƙara. Isyaku, mai kula da janaretanmu, ya fita da leda a ka, ya dawo sharkaf ya ce, "Hajiya, ruwa ya shiga injin, ya ƙi tashi. Sai na kwance na busar."

"Zai daɗe?"

"Wallahi ban sani ba."

Batiran nan sun tsufa tun lokacin. Na kashe fanka da fitilu da kwamfuta ɗaya, na bar ɗaya. Layukan waya duk suka mutu sai guda, shi ma sai na tsaya a tagar matakala yake kamawa. A nan na tsaya, feshin ruwa na dukana, na kira Orozo. Matar Oga Bulus ce ta ɗauka, na ce, "Mama, don Allah ki kara masa a kunne." Maganarsa ta yi nauyi, sai na kasa kunne sosai. Na zayyana masa komai.

"Kin buɗe hoto?"

"Na buɗe, Oga."

"Maƙwabta fa?"

"Suna nan lafiya."

"To me kike nema a wurina? Ni ina kwance, ba na ganin komai. Ke ce tauraron tana gabanki."

Na ce in na yi kuskure an rufe ɗakin nan.

"In kin yi shiru ma an rufe," in ji shi. "Mai gadi da ba ta iya ihu, me amfaninsa?"

A waya na rubuta yekuwar, ina komawa ɗaki ina kwafo lambobin tauraron ina dawowa taga. Sau biyu saƙon yana ƙin tafiya. Da ya tafi, ba a jima ba mai kula da madubin yamma ya amsa da kalma ɗaya, cewa ya juya. Bayansa saƙon Marta ya shigo, ta aiko wa kowa da kowa a ƙungiyar. Ta ce tauraronta saura ƙiris ya kai ƙololuwa, ta roƙi a sake tunani, ta kuma tuna wa jama'a daga wane ofishi yekuwar ta fito. Ban amsa ba. Cajin wayata ya yi ƙasa.

Na yi azahar a nan lungun, na sallame na koma taga. Ɗigo na farko daga Ostareliya ya iso. Yana sama da gangaren, amma bai kai na ƙarshen Chile ba. Wato ko abin ya fara komawa, ko dama babu shi. Na biyu ya zo daidai da na farko. Farfesa ya aiko da layi ɗaya: shin in mayar da madubin? Inbata ta canza kuka, irin wanda take yi in ta kusa mutuwa. Na roƙi a ba ni hoto biyu nan gaba.

Na ukun ya ɗaga kaɗan. Na huɗun ban gan shi a kwamfuta ba, don kafin ya iso ta mutu, ɗakin ya yi tsit sai ƙarar ruwa. A waya na karanta shi, lambobi tsirara ba zane. Na ɗauko biro na ɗiga shi a bayan wata takarda, na sake lissafawa don ban yarda da idona ba. Hasken ya yi tsalle, tsallen da gajimare ko kyamara ba sa yi.

Wajen la'asar janareta ya tashi. Isyaku ya leƙo hannunsa duk baƙin mai ya ce, "Hajiya, an samu?" Na ce masa ya zo ya gani. Kwamfuta ta dawo, zanen ya fito: gangare sumul, sai tsini siriri ya miƙe a gefensa kamar an kafa tsinke. Muna kallo ya kai ƙarshe ya fara saukowa. Afirka ta Kudu ta samu duhu ta kama wutsiyarsa. Kafin in kai tashar bas an gama, tauraron ya koma gangarensa kamar ba abin da ya faru.

Washegari na tarar da saƙonni. Farfesa ya rubuta cewa aiki ya yi kyau, daga wurinsa kuwa wannan babban yabo ne. Sai dai akwai wani zanen a ƙasa, na tauraron Marta. Ɗigon ƙarshe kafin in janye madubi yana kan hanya. Ɗigon farko da Afirka ta Kudu ta ɗauka bayan ta waiwaye shi ya kauce, yana komawa hanya daga wani wuri. Wani abu ya faru a ƙololuwar nan, a daidai sa'o'in da babu mai kallo. Tsakanin ɗigon nan biyu fili ne fari fat.

Lissafin namu ya ci fiye da shekara kafin a buga shi a mujallar masana. Duniya ce ƙarama, ta fi tamu nauyi amma ba da yawa ba, mai tsananin sanyi, irin wadda samunta ke da wuya. Ba ta da suna sai haruffa da lambobi. Sunana yana cikin jerin marubuta, na Oga Bulus ma na sa an saka. Na kai masa takardar Orozo, ya riƙe ta da hannunsa mai lafiya ya daɗe yana kallon tsinin, sannan ya tambaye ni wa na bari a gadi na taho. An bar mana rabonmu, masu tef kuma ba su sake dawowa ba. Marta kuwa sai da ta canza batun kundinta, ta ƙara shekara a makaranta.

Ban taɓa ganinta ido da ido ba sai a wani taro a Afirka ta Kudu, shekaru bayan haka. Lokacin ta zama dakta, tana da ɗalibanta. Ana hutun shan shayi ta karanta sunana a katin da ke ƙirjina, ta ce in ba ta minti biyu. Muka koma gefe, ta buɗe kwamfutarta, sai ga zanen nan mai fili a tsakiya. Ta ce duk shekara takan koma kansa. Ta gwada duniya ɗaya, lissafi ya karɓa. Ta gwada biyu, ya karɓa. Har duniya mai nata watan ta gwada, abin da ba a taɓa tabbatarwa ba, shi ma bai ƙi ba. Filin ya yi faɗin da komai zai iya shiga.

"Tambaya ɗaya nake da ita," in ji ta. "Ranar nan, da kika ga ɗigo ukun, kin san duniya ce?"

Na ce, "Ban sani ba."

Ta gyaɗa kai. Ta ce yanzu ita ma tana gadi. A daminar da ta wuce ta ga wasu ɗigo sun kauce, ta buɗe hotuna, ta duba maƙwabta, ta yi yekuwa, ta janye madubi daga kan tauraron wani yaro ɗan digiri a daren da ya fi buƙatarsa.

Na ce, "Me kika samu?"

"Ba komai," ta ce. "Babu komai a wurin."

Ta rufe kwamfutar ta sa a jaka, muka je muka shiga layin shayi.